Shaidar Tudun Rimi

Alhamis, 3 ga Zulƙida, bayan la'asar

'Yata Raudatu ta zo daga kwalejinsu ta Bici da abin da ta kira magani. Ba na kwalba ba ne. Wayata ta karɓa ta yi 'yan danne-dannenta, ta ce tunda na daina karanta jarida, ga abin da zai riƙa ɗebe mini kewa. Ni ban ce mata na daina ba. Abin da na ce shi ne masu buga jaridar yanzu rowar tawada suke yi.

Sunan abin fodkas. Na tambaye ta bambancinsa da rediyo, ta ce shi ba ya wuce mutum, sai ka shirya yake magana, in ka ce ya maimaita ya maimaita. Na ce ashe ya fi duk ɗaliban da na koyar a firamare ladabi. Wanda ta zaɓa mini ana ce masa Rumfar Sama, labarin taurari da kumbuna zalla, kuma da Hausa. Mutum biyu ke yinsa: wani Muhammad Auwal mai magana kamar an biyo shi, da wata Zulaihatu da ke taka masa birki.

Wato ni Sama'ilu, da tun ina riƙe wa mahaifina buta nake hawa Tudun Rimi duban wata, ni yara biyu za su koya wa sama daga cikin waya. Na ce ta bar shi dai, ai ba ya cin tuwo.

Juma'a, 4 ga Zulƙida, da hantsi

Na ce in saurari guda ɗaya don kada ran yarinyar ya ɓaci. Ban tashi daga tabarma ba sai da rana ta kore ni.

Wai wata yana ja da baya daga gare mu kowace shekara, kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda farcen mutum ke tsirowa. Zulaihatu ta ce ba wanda zai lura da haka, sai da aka auna. A nan na kashe wayar. Matata Asiya ta leƙo daga madafa ta tambaya ko caji ne ya ƙare, na ce mata eh.

Lahadi, 6 ga Zulƙida, bayan azahar

Na yi tuntuɓe da turmi. A inda yake kullum yake.

Laraba, 9 ga Zulƙida, bayan magariba

Liman Abdulrashid ya biyo ni gida bayan salla muka zauna a zaure. Tare muka yi makarantar allo, shi ya sa har yau ba ya ce mini Malam sai in da mutane. Maganar watan Zulhajji ya zo da ita, tun yanzu. Wai dagaci ya gaya masa hakimi ya ambaci garinmu da suna, ya ce in dai Tudun Rimi ya ce an gani, to an gani.

Bari in rubuta yadda muke yi, don na lura jikokinmu sun ɗauka daga rediyo wata yake fitowa. Ranar ashirin da tara ga kowane wata mutum biyu ke hawa tudun da ke yamma da gari, ni da Kamaruddeen tela, wanda ya gaji wurin baffansa. Liman ba ya hawa, ba ya ma ɗaga kai. A gindin rimin yake tsayawa. In mun sauko sai ya ja kowa gefe shi kaɗai ya yi masa tambaya uku: ta ina ya tsaya daga inda rana ta faɗi, ina bakinsa ya duba, kuma yaya kaurinsa. In amsar biyu ta zo ɗaya ya kira dagaci, dagaci ya kira hakimi, magana ta wuce gaba. Shaidar mutum ɗaya ba ta barin gindin rimi. Haka muka taras, haka muke yi.

Watan jiya gajimare ne ya rufe yamma, muka sauko ba a tambayi kowa komai ba. Na yi hamdala a zuciyata. Ban taɓa gode wa Allah don gajimare ranar duban wata ba sai ran nan.

Da zai tafi ya ce, "Sama'ilu, idon nan naka ai na gari ne, ba naka ba ne kai kaɗai. A riƙa lallaɓa mana shi."

Na yi dariya. Ashe ya miƙo mini hannu ta gefen dama, sai da ya yi gyaran murya na san da shi. Na ce masa tunani na tafi.

Asabar, 12 ga Zulƙida, da hantsi

Shirin yau kan yadda ake kallon tauraro mai dishi-dishi ne. Muhammad Auwal ya ce kada ka zuba masa ido kai tsaye, ka ɗan kauce, don gefen ido ya fi tsakiyarsa kama ƙaramin haske. Gaskiya ya faɗa. Haka mahaifina ya koya mini kallon Kaza da 'ya'yanta.

Gefen ido. To.

Litinin, 14 ga Zulƙida, bayan la'asar

Mun je Kano ni da Raudatu. A gari na ce ziyarar 'yan'uwa za mu. Sai da muka zagaya ta Ɗambatta muka shiga mota, don kada mu haɗu da wanda zai tambaye ni gidan wa.

Likitan yaro ne, bai kai Kamaruddeen ba. Ya sa na kafa haɓata a jikin wata na'ura, ya ba ni wani abu a hannu, ya ce in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Na daɗe ina jira a fara. Ashe an fara tuntuni.

Ya yi bayani mai tsawo. Ba zan rubuta shi ba. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage za su yi ƙoƙarin riƙewa. Ya tambaya me ya sa ban zo da wuri ba. Na ce masa ciwon da ba ya yi wa mutum zafi ta ina zai san ciwo ne? A mota Raudatu ta juya fuskarta wajen taga har muka iso. Maganin yana cikin aljihun babbar rigata, a banɗaki nake ɗigawa.

Talata, 15 ga Zulƙida, bayan isha'i

Farin wata kamar rana, in ji Asiya.

Juma'a, 18 ga Zulƙida, kafin masallaci

Yau sun ba da labarin wani kumbo da aka harba tun ina yaro, ba kowa a cikinsa, kuma har yanzu tafiya yake. Ya wuce duk duniyoyin da ke kewaya rana. Ƙarfin wutarsa yana ƙarewa, don haka masu kula da shi suke kashe masa na'urori ɗaya bayan ɗaya, domin abin da ya rage ya daɗe yana aiko da saƙo. Idonsa ma, wato abin ɗaukar hotonsa, tun da daɗewa aka rufe shi.

Muhammad Auwal ya ce abin burgewa ne. Yaro man kaza. Zulaihatu kuwa ta ce ita tausayi yake ba ta. Na ji ina son yarinyar nan kamar 'yata, ni da ban san ko 'yar wane gari ce ba.

Raina a ɓace na wuni. Na yi wa akuya faɗa, na yi wa buta faɗa.

Lahadi, 20 ga Zulƙida, da yamma

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa, yau kowa ya fita shuka. Ni ke sara da sungumi, Asiya na bina tana zuba gero tana rufewa da ƙafa. Maƙwabcin gonarmu ya leƙo ya ce, "Malam, yau layin naka maciji ya bi?" Na ce masa sabon salo ne, a waya na koyo. Ya yi dariya ya wuce. Da na waiwaya sai na ga Asiya ta koma baya tana gyara ramukan da suka kauce, tana yi da sauri don kada in juyo.

Da muka dawo gida na taras turmi ya koma jikin bango. Igiyar shanya ma an ɗaga ta sama. Kujerar tsuguno da ke zama a bakin ƙofa ta ɓace. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Shekarunmu nawa tare, yau mun zama baƙin juna masu kunya. Shirun nan nata ya fi faɗa ciwo, kuma wallahi tsoro nake ji.

Laraba, 23 ga Zulƙida, bayan azahar

Da ban kunna na yau ba.

Shirin gaba ɗaya kan jinjirin watan Zulhajji ne. Sun ce ran Talata mai zuwa, in rana ta faɗi, zai kasance a sama, amma ƙarami ne ƙwarai, sai mai kaifin ido, kuma ba zai daɗe ba zai bi rana. Sannan Muhammad Auwal ya shiga kwatance. Ka tsaya ka dubi inda rana ta faɗi, ka miƙa hannunka ka dunƙule, ka ɗaga sama da kamar faɗin dunƙulen, ka ɗan karkata dama. Bakinsa yana duban sama. Kaurinsa bai fi zare ba.

Ta ina ya tsaya, ina bakinsa ya duba, yaya kaurinsa. Tambayoyin Liman ne guda uku, ga amsarsu an zuba mini a kunne ina zaune a inuwar darbejiya.

Zulaihatu ta ƙara da cewa su lissafi kawai suke kawowa don a san inda za a duba, lissafi ba shaida ba ne, sanarwa tana hannun masu ita. Na ji ta. Amma abin da ya shiga kunne ya riga ya shiga.

Alhamis, 24 ga Zulƙida, da asuba

Na sake saurara.

Juma'a, 25 ga Zulƙida, da asuba

Na haddace. Ban yi niyya ba.

Asabar, 26 ga Zulƙida, bayan magariba

Raudatu ta zo. Ta taras ina zaure na miƙa hannu na dunƙule ina gwadawa da bango. Ban ji shigowarta ba, ban kuma san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Ita ma tana sauraron shirin a makaranta, don haka ba sai an yi mata bayani ba.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ran Talata za ka hau?"

Na ce, "Da wa zai hau, ke?"

"Baba, ka gaya wa Baba Liman. In kana jin nauyi ni zan je in gaya masa."

"Ki gaya masa me?"

Ita ma ba ta iya faɗar kalmar ba. Sai ta ce, "Ni don ka ji daɗi na saka maka shirin nan, ba don wannan ba."

Nan na tashi mata. Na ce ni na koya mata baƙi da wasali, ba ita za ta koya mini tsoron Allah ba. Na ce kwaleji ce ta sa ta fara auna ubanta. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ta tashi ta shiga wajen uwarta. Tuwo ya zo, na mayar da shi yadda yake.

Ta yi gaskiya, shi ya sa na yi faɗan.

Litinin, 28 ga Zulƙida, da hantsi

Tun asuba nake shari'a da kaina, ni ne mai ƙara, ni ne alƙali.

Watan yana nan. Ba ƙarya zan yi masa ba. In na ce na gani, wa na cuta? Salla za ta zo ranar da za ta zo, layya ba za ta ɓaci ba. Kamaruddeen yana da ido, zai gani, ni dai cike gurbi zan yi.

Amma ba "yana nan" Liman ke tambaya ba. "Ka gani" yake tambaya. Shekara da shekaru ba abin da nake da shi a garin nan sai wannan. Ban tara dukiya ba, ban riƙe sarauta ba. In na wuce ana cewa ga Malam Sama'ilu mai duban wata, yara su matsa. In wannan ya tafi, wane ne zai rage yana yawo a cikin rigata?

Akwai kuma wata magana. Tsakiyar idon tana nan, ba ta tafi ba tukuna, da ita nake wannan rubutun. Da can ina share yamma gaba ɗaya da kallo ɗaya. Yanzu kamar ta cikin kara nake leƙen duniya. To in na san daidai inda zan saita karan, wataƙila in gan shi da gaske. Wannan ba ha'inci ba ne. Da wannan na kwantar da raina na ci abinci.

Talata, 29 ga Zulƙida, kafin la'asar

Ba ko ɗigon gajimare. Na roƙa, ba a ba ni ba.

Talata, bayan isha'i

Zan rubuta yanzu, don gobe zan fara gyara labarin.

Jama'a sun fito fiye da kullum saboda watan Salla ne. Na tafi da wuri, da sauran rana, don in hau tudun ba tare da an ga yadda nake neman wurin taka ƙafa ba. Kamaruddeen ya same ni a sama, ya gaishe ni ya tsaya nesa kaɗan, kamar yadda aka saba, don kada ɗaya ya ga inda ɗaya ke kallo.

Rana ta faɗi. Na miƙa hannu na dunƙule, na ɗaga, na karkata dama. Na saita. Na daɗe a haka har idon ya fara ruwa. Sai na ga wani abu, siriri, fari, bakinsa sama, daidai yadda aka faɗa. Na ƙifta ido, babu. Na sake duba, ga shi. Na kau da kai gefe inda na san ba wata, na duba can, sai ga shi can ma. Duk inda na kai ido sai ya bi ni. A nan na gane ba a sama yake ba, a cikin kaina yake, muryar yaron nan ce ta zana mini shi.

Na ji Kamaruddeen yana salati a hankali. Shi ya gani.

Muka sauko. Liman ya ja Kamaruddeen gefe, suka yi magana, ya dawo. Sannan ya kama hannun rigata ya kai ni bayan rimin. Ya ce, "Malam Sama'ilu, ka gan shi?"

Amsoshin uku suna kan harshena a jere. Ba abin da ya rage sai in buɗe baki. Na ce, "Ban gan shi ba."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Ya koma gaban jama'a ya ce shaida ba ta cika ba, mutum ɗaya ne ya gani, a saurari sanarwa daga sama. Na ce a raina shi ke nan, na tsira da gaskiyata, na kuma tsira da asirina. Ashe ban yi lissafin Kamaruddeen ba.

Guna-guni ya tashi. Wani ya ce, "In Malam bai gani ba, tela me ya gani?" Wani daga baya ya ce, "Zaren ɗinkinsa ne ya maƙale masa a ido." Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce dama yaran yanzu gaggawar suna gare su, a riƙa tsoron Allah da maganar wata. Kamaruddeen yana cewa, "Wallahi na gan shi, wallahi," muryarsa tana karyewa, ba mai saurarensa. Idona da suka yarda da shi ne ya zama sandar dukansa.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Jama'a, ku saurara." Aka yi tsit. Na ce, "Kamaruddeen bai yi ƙarya ba. Rashin ganina ba hujja ba ce a kansa. Ni ne ba na gani. Liman da ke tsaye a gefena yanzu, ba na ganinsa. Na je asibiti a Kano, an gaya mini abin ba ya dawowa. Ku nemi wani ya hau da shi."

Wata tsohuwa daga can nesa ta ce inna lillahi, a hankali. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kamar an tuɓe ni a kasuwa, kuma a lokaci ɗaya na ji numfashina ya sauka har ciki.

Duhu ya riga ya shiga. Da can dabarata in tsaya jan hira har kowa ya watse, sannan in lallaɓa gida ina bin katanga. Yau ba katangar da zan ɓuya a bayanta. Na miƙa hannu cikin duhun ban san wa zai kama ba. Liman ne. Ya ɗora shi a kafaɗarsa, ya ce, "Taka a hankali, Sama'ilu, akwai kwari a nan." Muryarsa ba daidai take ba. A haka ya kai ni har ƙofar gida.

Laraba, 1 ga Zulhajji, da hantsi

Rediyo ta sanar an ga wata a wasu garuruwa. Yau ɗaya ga wata. Sunan garinmu ba ya ciki.

Kamaruddeen ya zo da sassafe ya durƙusa a zaure ya gaishe ni. Na kira Raudatu a waya na ce ta yafe mini. Kuka ya hana ta amsawa.

Ina makancewa. Ga shi na rubuta.

Asiya na kira daga tsakar gida in kawo maganin ta ɗiga mini.